Wankan da Inna Ba Ta Yi Ba

Cikina yana wata bakwai aka kawo ni Anka daga Gummi, goyon ciki. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, wannan ba abin tambaya ba ne a wurinmu, kuma ko da abin tambaya ne, Inna ta riga ta ba da amsa tun ranar da ta ji labarin cikin. Ta tara itace har ya kusa kamo katanga. Ta sayi sabuwar tukunyar ƙarfe ta dafa ruwan wanka, ta tanadi gero da kanwa da kayan yaji ta rufe a ɗaka. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai ko ita ce za ta haihu ba a faɗa musu ba.

Ni ce 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai ce mace. Sauran duk maza ne, matansu kuwa in haihuwa ta zo gidan iyayensu suke tafiya. Ke nan wankan jego ɗaya tak Inna take da shi a duniya, nawa. Ga kuma wani abu: ni ba ta taɓa ɗaukata ta yi mini wasa ba, saboda kunyar 'yar fari. Kakata ce ta yi mini wanka, ta goya ni, ta yaye ni. Inna nono kawai take ba ni, shi ma an ce tana kau da kai. Har na yi aure ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke", ko "waccan". Ban ɗauki abin da zafi ba, don haka kowa yake yi. Amma jika ba a jin kunyarsa. Na san abin da al'ada ta hana ta a kaina a kansa take shirin fanshewa, ita ma ta san na sani.

Da na shiga gida na gan ta sai da na yi dariya. Innar da na sani siririya ce, zane ɗaya yana zagaya ta har ya yi saura. Wannan kuwa fuska ta cika, kumatu sun fito, har wani tudu ya taso mata a bayan wuya.

"Inna, wa ka ciyar da ke haka ba mu da labari?" na ce.

"Hutu na," ta ce. "Tun da kinka tahi kinka bar man gidana nis samu lahiya."

Duk matar da ta shigo barka da zuwa sai ta yaba. Tsohuwa ta yi kyau, tsohuwa ta murje. Tun da Baba ya rasu ba a ga Inna da jiki haka ba, kowa yana murna. Babu wanda ya kula da ƙafafunta da suka tsotse, ni ma ban kula ba. Hannuwanta dai na gani. Fatar ta yi kauri ta yi fari-fari, ɓawo ya cika tsakanin yatsu ya hau har gwiwar hannu, faratan sun kumbura sun murɗe. In ta karkaɗe zanenta sai wani gari-gari ya zubo. Na tambaye ta, ta ce kaushi ne, aikin toka da ruwa. Na yarda, na ma ba ta man shafawata. Ɗaki ɗaya muke kwana, ita ke matsa mini ƙafa in sun kumbura.

Bayan 'yan makonni na fara susa. Tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙarƙashin nono, zagayen cibiya. Susar da in ka fara ba ka iya bari sai ka ga jini. Ranar awo ma'aikaciyar jinya ta kama hannuna ta juya, ta ce ƙazuwa ce, wa ke susa a gidanmu? Na ce babu kowa, daga ni sai mahaifiyata, ita kuwa ko sauro ba ya sa ta susa. Sai ta tambaya ko fatar mahaifiyar tawa tana da wani abu. Da na kwatanta mata, ta ce gobe in zo da ita, kada in bari ya wuce gobe.

Da ƙyar Inna ta yarda ta bi ni, tana ta mita cewa mai lafiya ba ya zuwa asibiti sai dubiya. Likitan wani mutum ne mai sanyin magana. Ya sa safar hannu, ya kankari ɓawon kaɗan da wata 'yar aska, aka tafi da shi. Kafin a dawo ya dubi fuskarta ya dubi ƙafarta, ya ce, "Inna, wane magani kike sha?"

Ta ce ba ta shan komai. Ya sake tambaya a hankali. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi farare a ƙullin leda. Na gane su nan take, don babu macen da ta tashi a garinmu da ba ta san su ba. Sha-ka-fashe ne, wanda 'yan mata suke sha kafin biki don su ciko.

A nan na ji labarin. Shekarar da ta gabata wasu danginmu sun gudo daga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum lokacin da zama ya gagara, suka cika gidan, ana kwana a tabarma ɗaya. Ƙazuwa ta bi kowa. Su suka shafa farar wuta da man kaɗanya, suka sha wari da raɗaɗi, suka warke suka tafi. Inna ba ta jure warin ba. Wata mai yawo da magani gida-gida ta ba ta ƙwayar nan, ta ce tana kashe ƙaiƙayi. Ta kuwa kashe shi, kamar an ɗauke da hannu. In ta daina sai ƙaiƙayin ya dawo, jiki ya mutu, gwiwa ta ƙi ɗaukarta, sai ta koma. Haka ta yi ta sha har shekara ta zagayo, ga ƙiba tana zuwa, ga mutane suna yabo. Me zai sa ta zargi maganin?

Likitan ya kira ni ya ce in sa ido a madubin da suke duba ƙananan abubuwa. Na sa. Wasu ƙwari ne zagayayyu masu gajerun ƙafafu, suna motsi, ga ƙwayayensu barkatai. A ɗan abin da aka kankara ne kawai. Na koma na zauna.

Ya yi mana bayani, ni da Hausar boko, Inna da ta gida. Ya ce ƙaiƙayin ƙazuwa da jan da fata take yi, jiki ne yake faɗa da ƙwaron. Faɗan yana da ciwo, amma shi yake hana ƙwaron yawa. Ƙwayar nan ba ta taɓa ƙwaron ko kaɗan, garkuwar jiki take kwantarwa, ta ce mata ta zauna ta yi shiru. Ya ce su ma likitoci suna ba da irinta in kumburi ya yi yawa har yana neman ɓarna, amma da awo, na ɗan lokaci, kuma tare da abin da zai kashe cutar. Ita kuwa Inna ta kwantar da masu gadi shekara guda, ƙwari suka yi ta haihuwa babu mai ce musu kanzil. Ɓawon nan duk su ne. Ƙibar ma ba ta lafiya ba ce.

"Likita," Inna ta ce, "ni hwa ba ni susa. Waccan ka susa. Ita za a yi ma magani."

"Rashin susar shi ne ciwon, Inna," ya ce.

Sannan ya faɗi sauran. Za a ba ta ƙwayar kashe ƙwaron, ta sha a maimaita. Za ta shafe jiki duka da wani ruwan magani, da wani man da zai tausasa ɓawon. Za a dafa kayan sawarta da na shimfiɗa. Ni ma za a ba ni abin shafawa wanda ba ya cutar da ciki. Sha-ka-fashen kuwa ba za a yanke shi rana ɗaya ba, don jikinta ya manta yadda ake tsayuwa babu shi, yankewar na iya kashe ta. Shi zai ba ta irinsa, yana ragewa kaɗan-kaɗan. Za mu raba ɗaki. Kuma in na haihu, ba za ta taɓa jaririn ba, ko zanensa, sai ranar da aka kankara aka ga babu mai motsi.

Muka iso gida ni da Inna. A tsakar gida ta tsaya ta dubi itacen nan nata.

"Kahin ki haihu na warke," ta ce.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Ruwan maganin in ya shiga tsagar fata, Inna da ban taɓa jin kukanta ba sai ta riƙa nishi tana kiran sunan Allah. Da aka fara rage ƙwayar, ƙaiƙayin shekara guda ya taso gaba ɗaya. Ta susa da farce, ta susa da tsinke, ta goga bayanta a jikin bango. Ɓawon ya fara zuba, abin da ke ƙarƙashinsa ja ne jawur, ya kumbura, yana tsattsafo da ruwa. Abinci ya fita ranta. Kumatun suka zube. Ni kuma ga tulelen ciki, kullum ina gaban murhu ina dafa zannuwanta a sabuwar tukunyar da ta saya don wankana, da itacen da ta tara don wankana. Tana kallo daga bakin ƙofa, tana cewa in rage wuta, in rage wuta, itacen ba na wannan ba ne.

Matan unguwa kuwa suka samu abin faɗa. Tsohuwa tana zaune lafiya lau, 'yarta 'yar boko ta zo ta kai ta asibiti an lalata ta. Wata har cikin gida ta same ni ta ce in ji tsoron Allah. Na ce mata ta zo ta sa ido a madubin ta gani, ta ce ita idonta biyu sun ishe ta. Ba na jin na taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane ta ranar, don a idon kowa ita ke da gaskiya. Har ni wani lokaci in na dubi Inna sai in ce anya kuwa. Duk zuwa asibiti likitan yana cewa jan nan alama ce mai kyau, jikinta ne ya farka. Ni dai uwata nake gani tana ƙarewa.

Na haihu, namiji. Ba ta warke ba. Aka aika Bukkuyum aka ɗauko Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta yi wankan. Mace ce mai kirki amma mai gaggawa, komai nata a tsaye. Safe da yamma in ta dafa ruwa da ganye ta zauna da yaron a ƙafarta, Inna tana can ƙofar ɗakinta, faɗin tsakar gida tsakaninsu, hannuwa a kan cinya, tana ba da umarni.

"Ruwan ga ya yi zahi, surka shi. Tallabe mai kai. Ba haka a ka gasa cibi ba, sannu-sannu. Kada ki karya man maigida tun ban tare ba."

"To zo ki yi da kanki mana," Gwaggo ta ce wata rana da abin ya ishe ta. Maganar tana fita ta kama bakinta. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Ni ma kunyar ɗan fari ba ta samu ba. Ya kamata in ba shi nono in miƙa wa kakarsa in kau da kai, kamar yadda aka yi mini. To wa zan miƙa wa? Gwaggo tana wurin murhu. Haka na riƙa rungumarsa a gaban mutane, ana kallona ana taɓe baki. Ranar suna gida ya cika, yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu, har matar da ta ce in ji tsoron Allah ta ɗauke shi ta yi masa rawa. Inna tana ɗaki, labule a sake, wai kanta ke ciwo.

Aka sake kankara bayan suna. Ƙwarin sun ragu ƙwarai, amma akwai. Likitan ya ce mun kusa, a daure. Kwanakin wanka kuwa suna ta tafiya, kowa ya san in an yi arba'in mai jego gidan mijinta take komawa.

Wata safiya, an gama yi wa yaron wanka ina shafa masa mai, sai ga Inna ta tsallako tsakar gidan. Tun da na haihu ba ta taɓa zuwa kusa haka ba. Ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Ta miƙo hannuwanta biyu ta juya su gaba da baya. Jan ya tafi. Kumburin ya saɓe. Fatar ta kwanta lumui, sai 'yan sauran ɓawo a gefen yatsu.

"Duba," ta ce. "Ya huce. Ba ni shi."

Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ki ba ta mana, me kike jira. Wallahi na ɗago shi. Hannuna ya tafi rabin hanya. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so in sa yaron nan a hannun nan ba. Sai na tuna kwana biyu ban ji ƙarar susarta ba, alhali da ko ina bayan gida ina jin ta. Na dubi fuskarta, ƙasan idon ya ɗan tasa. Na mayar da yaron ƙirjina.

"Inna, kin koma ma ƙwayar ga?"

Ta ƙara miƙo hannuwan.

"Inna, don Allah. Ta likita kika sha, ko ta mai yawo?"

"Kwana nawa yar rage ki tahi?" ta ce.

Sai na fashe. Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa uwa. Na ce duk wahalar da muka sha ta zubar da ita. Na ce so take ta zuba wa jariri ƙwari ya yi ta ruɓewa. Na ce in ba ta tausayin kanta ta ji tausayina. Gwaggo tana ta cewa ke, ke, uwarki ce fa. Inna tana tsaye, hannuwan har lokacin a miƙe, kamar ta manta da su. Da na yi shiru ta sauke su.

"Ke ban ɗauke ki ba," ta ce. "Shi ma?"

Ban san mutum yana iya kuka da jariri a hannu har jaririn ya jiƙe ba sai ranar.

Ba wauta ce ta sa ta ba, na daɗe da gane wannan. A wurinta, da wurin duk wanda ya tashi inda ta tashi, ciwo shi ne abin da yake ja, yake kumbura, yake zafi. In ya huce an warke. Ta ji bayanin likita, ta ma iya maimaita shi, amma da ta ga kwanaki suna ƙarewa sai ta koma wa abin da idonta yake iya gani. Ta aika aka kira mai maganin ta ƙofar baya, ta haɗa da na asibiti ta riƙa sha.

Muka koma. Ƙwarin sun dawo da yawansu. Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce za a sake daga farko, kuma ragewar za ta fi ta da jinkiri. Na roƙe shi a gaban Inna, ban ji kunya ba. Na ce a sa mata safar hannu, a lulluɓe yaron da zane biyu, ta ɗauke shi sau ɗaya, ko na ƙiftawar ido. Ya ce garin ɓawon yana damtsenta, yana zanenta, yana gashin kanta. Fatar jariri kuwa in ƙazuwa ta kama ta, ƙuraje suna yin ruwa su yi mugunya, wani lokaci abin ya shiga jini. Ya ce shi ba zai iya cewa e ba. Ya ce za ta warke, in sha Allahu, amma ba a cikin kwanakin da nake da su ba.

Aka yi arba'in na ƙi tafiya. Na aika Gummi wurin dangin mijina na nemi alfarma, suka ƙara mini kwanaki, mutanen kirki ne. Gwaggo ta koma gidanta. Muka rage mu uku a gidan, ni da yaron a ɗaki ɗaya, Inna a ɗaya. Wannan karon ba ta ɓoye komai ba, ita da kanta ta miƙo mini ragowar ƙullin ta ce in jefa a masai. Ƙaiƙayin ya dawo ya fi na farko. Ta daina ba da umarni in ina wa yaron wanka, kallo kawai take yi. In ya yi kuka sai in ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta. Na yi addu'a har na rasa abin da zan ƙara cewa. Kullum da safe ina leƙa hannunta daga nesa, ina murna in na ga ja, abin da da zai sa in yi kuka.

Alfarma ma tana da iyaka. Hutun da aka ba ni a makarantar da nake koyarwa ya ƙare, uwar mijina ta kwanta ciwo, kuma hanyar Gummi ba kullum ake samun ta a buɗe ba. In direbobi suka ce yau da dama-dama, ranar ake tafiya. Mijina ya aiko cewa ranar kasuwa mota za ta zo. Ana gobe aka yi kankarar ƙarshe. Na tsaya a kan mai dubawar kamar zan cinye shi. Ya daɗe yana juya madubin, har na fara sa rai. Sannan ya ɗago ya ce saura kaɗan, amma ya ga mai motsi.

Da safe aka fitar da kayana. Ƙannena sun zo da matansu, maƙwabta sun shigo sallama, kowa ya ɗauki yaron ya yi masa addu'a. Inna ta fito ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Ta rame har ta fi yadda na san ta da. Na je gabanta na durƙusa, iyakar kusancin da aka yarda, na buɗe masa fuska na juyo shi ta gan shi sosai. Ya yi ƙiba, wuyansa har ya yi guru. Ya dube ta, ya yi hamma.

Ta sa hannuwanta a baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Direba yana ta hon a waje. Na ɗauka addu'a za ta yi, ko ta tsokane shi da zancen kuɗin cefane kamar yadda kakanni suke yi. Sai ta ɗan sunkuyo, ta rage murya don kada sauran su ji.

"Ke," ta ce. "Shina da nauyi?"